Ƙwarangwal biyar da na sayo wa ɗalibaina a Sabon Gari, ga yadda na same su

Salam 'yan uwa malaman bayoloji, musamman na nan Zariya da kewaye. Tun farkon zangon nan wasu ke ta tambayata kan set ɗin ƙwarangwal ɗin da makarantarmu ta saya, wai ya yi ko bai yi ba, na ce bari dai sai na yi aiki da shi a aji tukuna kafin na ce komai, to yanzu mun yi sati bakwai muna amfani da shi da 'yan SS2 da SS3.

A wani shagon kayan lab na saya a Sabon Gari. Guda biyar ne, kowanne a cikin akwatin gilas ɗinsa a kan katako: zomo, tantabara, kwaɗo, ƙadangare da jemage, sai kuma babban cat na bango, wato takarda mai hotunan jerin dabbobi, da aka haɗa min kyauta. Kuɗin da makaranta ta ware bai kai ba gaskiya, na taya, Alhaji mai shagon ya rage min kaɗan, ragowar na cika daga aljihuna don na gaji da zana ƙashi a allo yara suna kwafa ba su san me suke kwafa ba. Huɗu daga ciki ƙashin gaske ne, jemagen ne kawai na roba, kuma wannan bambancin shi ne duk abin da nake son magana a kai.

Zomon nan wallahi shi kaɗai ya biya kuɗinsa. Ranar farko na ce su leƙa bayan haƙoran gaba na sama, su faɗa min me suka gani. Wata yarinya ta ce Malam akwai wasu ƙananan haƙora biyu a ɓoye a baya. To shi ke nan, darasi ya zauna. Ɓera da gafiya haƙoran gaba biyu ne kawai a sama, zomo huɗu ne, biyu manya biyu ƙanana a bayansu, kuma da can masana sun cusa zomo cikin dangin ɓera ne saboda duk gwaguya suke yi, sai a 1912 aka ware zomo da danginsa aka ba su nasu rukunin. Shekara nawa ina faɗin wannan da baki, ba wanda ya taɓa riƙewa, amma da suka gani da idonsu har a tes ba wanda ya faɗi tambayar. Sun kuma ƙirga ƙasusuwan wuyansa suka samu bakwai, na ce musu naku ma bakwai ne, na raƙumin dawa ma duk tsawon wuyan nan bakwai ne, kusan duk dabba mai shayarwa haka take in ban da 'yan kaɗan irin su ayu da ke kogin Binuwai da Neja, shi shida gare shi. Suka koma kan tantabara suka ga nata sun haura goma.

Sai muƙamuƙi. Na zomo kowane gefe na ƙasa ƙashi ɗaya ne tal, na ƙadangare kuwa gutsattsari ne da yawa a haɗe, sai dai nan fa sai da gilashin ƙara girma, don ƙadangaren ƙarami ne kuma wanda ya haɗa shi ya cika gam a wajen har ya rufe wasu layukan. Na so ƙwarai a ce ya fito fes, domin a nan ne labarin da na fi so yake, cewa biyu daga ƙananan ƙasusuwan nan uku na cikin kunnenmu su ne daidai da ƙasusuwan da suka haɗa gaɓar muƙamuƙin ƙadangare, wani Bajamushe Reichert ya lura da haka tun 1837 wajen duba 'yan tayin dabbobi. Da irin waɗannan ƙananan alamomin ake gane wa ke dangin wa, kuma gam kaɗan ya isa ya ɓoye su.

Hannu kuwa shi ne babban dalilin sayen. Ƙashi ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, biyu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, sai tarin ƙanana, sai yatsu. Na sa kowa ya taɓa nasa hannun yana bin na zomo a hankali, daga nan muka koma kwaɗo inda biyun nan suka manne suka zama ɗaya kuma yatsun gaba huɗu ne, sai tantabara da ƙasusuwan tafin hannunta suka haɗe, yatsu uku kawai suka rage su ma a taƙaice. Tsari ɗaya ne, aiki ne ya bambanta. Wannan kamannin na tsari shi ne abin da wani masani ɗan Ingila Richard Owen ya ba ma'ana a 1843 ya raba shi da kamannin da aiki kawai ya kawo, kuma tun kafin shi ma a 1555 wani Bafaranshe Pierre Belon ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu gefe da gefe ya sa wa ƙasusuwan da suka dace harafi iri ɗaya.

To a nan ne jemagen roba ya ba ni haushi sosai. Duk yaron Zariya ya san jemage, ya kuma ji ana cewa shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, ni kuma na so ƙashi ya yanke wannan gardamar a gaban idonsu, su ga cewa fiffiken jemage yatsu huɗu ne da suka yi tsawo aka shimfiɗa fata a tsakaninsu, babban yatsa yana waje da farcensa, alhali fiffiken tantabara gashi ne a jere a kan hannun da yatsunsa suka ragu. Duka biyun suna tashi amma kowa da hanyarsa, jemage ya fi kusa da zomo a kan tantabara nesa ba kusa ba. Amma wanda ya zuba robar nan bai damu da gaɓoɓi ba, yatsun sun fito kamar tsinken tsintsiya babu inda gaɓa ta rabu da gaɓa, wuyan hannun dunƙule ɗaya ne, haƙoran ma layi ne kawai aka ja. Daga nesa ya yi kyau a kan tebur, in mai duba makarantu ya shigo zai ce lab ya cika, amma ba ya koyar da komai. Na koma na ce Alhaji don Allah ba a samun na gaske, ya ce Malam wanda ke haɗa mana ya ce ƙashin jemage siriri ne yana karyewa shi ya sa ba ya yi. Na fahimci uzurin, amma da an faɗa min tun wajen ciniki da ban biya shi kuɗi ɗaya da sauran ba.

Akwai wasu matsalolin kuma. An juya lebul ɗin ƙasusuwa biyun nan na hannun zomo, na wannan an manna wa wancan, da ban duba ba da yara sun haddace kuskure sun shiga jarrabawa da shi, na ɓare na gyara da kaina. Ƙashin nan mai kama da gwafa na ƙirjin tantabara ya iso a karye gefe ɗaya, kuma ina buƙatarsa don shi ne nake nuna musu in na zo maganar alaƙar tsuntsaye da dainoso, tunda an samu irinsa a jikin dainoso masu tafiya da ƙafa biyu. Gilasan ma ba su rufu ruf ba, hunturu na shigowa ƙura za ta cika su, na bi gefen da salatif na jefa kafur a ciki saboda ƙwari.

Cat ɗin bangon ban ma rataye shi ba. An jera dabbobi ne kamar matakalar bene, kifi a ƙasa mutum a sama, an ajiye kada kusa da ƙadangare tsuntsu can wani waje, alhali kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare duk da kamannin fatar. Tun aikin wani Bajamushe Willi Hennig na 1950 aka koma haɗa dangi bisa sababbin siffofin da suka gada tare, ana zana shi kamar rassan bishiya.

Abin da ya cike min giɓin bai ci ko kwatan kuɗin akwati ɗaya ba. Na je wajen wani dattijo mahauci a Tudun Wada na ce Baba ina son ƙafar sa ɗaya da ƙafar akuya ta baya amma kar a sare ta a gaɓa, ya yi mamaki amma ya ware min. Muka dafa muka cire nama muka shanya. A dogon ƙashin ƙafar sa akwai wani kwari da ya bi tsakiya daga sama zuwa ƙasa, shaidar ƙashi biyu ne suka haɗe, na yatsa na uku da na huɗu. A gaɓar ƙafar akuyar kuma akwai ɗan ƙashin idon sawu mai kwari sama da ƙasa kamar fulin injin niƙa inda bel ke zama, irinsa ne da akuya da raƙumi da dorina suke da shi, kuma a 2001 aka ba da rahoton samun irin wannan ƙashin a burbushin tsofaffin kakannin wel (ƙatuwar dabbar tekun nan mai kama da kifi) masu ƙafafu a Pakistan, bayan binciken ƙwayoyin gado ya riga ya nuna wel na kusa da dorina. Linnaeus, masanin rarraba halittu, tun 1758 ya cire wel daga cikin kifaye ya sa shi cikin masu shayarwa. Yara suka riƙa miƙa ɗan ƙashin nan hannu zuwa hannu har aka kaɗa ƙararrawa ba su so tashi ba.

Wani uba ya tare ni a get ya ce Malam me kuke koya musu ne haka da ƙasusuwa, na ce ranka ya daɗe shigo ka gani, yana cikin manhajar WAEC da NECO, kuma ni duk lokacin da na ga tsari ɗaya a hannun ɗana da fiffiken tantabara tasbihi nake yi. Ya daɗe yana kallon zomon kafin ya tafi.

In za ku saya, ku ɗauki zomo da tantabara da kwaɗo, ƙadangare in akwai babba, ku tafi da gilashin ƙara girma ku duba gam da lebul a cikin shagon kafin ku biya, ku sa a buɗe kwali a gabanku. Jemagen roba ku bar musu. Alhaji ya yi alkawarin canza min tantabarar in kaya sun iso ƙarshen wata, ya karɓi lambata ya rubuta a littafinsa, kuma gaskiya duk zuwan da na yi da fara'a ya karɓe ni bai taɓa musa laifin kayan ba. In ta iso zan sanar da ku ko ƙashin ya zo lafiya.