Sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya: ra'ayina tsakani da Allah

Duk shekara daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu ake buɗe shafin Türkiye Bursları, wato sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya, kuma duk shekara sai na ga yaranmu sun tashi a makare, ana saura kwana biyu a rufe sannan ake neman wanda zai taya su cikewa. Ni dai a cikin tallafin karatun da gwamnatocin waje ke bayarwa ban ga wanda ya dace da ɗan talaka kamar wannan ba, shi yasa nake ta nanata shi.

Hukumar YTB ta gwamnatin Turkiyya, mai kula da Turkawa mazauna waje, ce ke kula da shi tun 2012. Abinda suke ɗauke maka ba kaɗan bane: kuɗin makaranta gaba ɗaya, wajen kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi na zuwa da na dawowa in ka gama, sannan ɗan alawus duk wata. Kuma su zasu nema maka gurbin da kansu, kai dai ka jera kwasa-kwasan da kake so har 12, ba irin Chevening na gwamnatin Birtaniya ba da sai ka samo admishan da kanka kuma ka nuna ka yi aiki na shekara 2. Nan ko yaron da ya gama sakandire jiya zai iya nema in dai bai kai shekara 21 ba, mastas ƙasa da 30, PhD ƙasa da 35. Maki kuwa kashi 70 na digirin farko, 75 na gaba da digiri, masu son likitanci da haɗa magani sai 90, to wanda sakamakonsa bai kai nan ba gara ya canza kwas tun wuri.

Inda mutane ke rikicewa shine maganar yare. Shekarar farko kacokan ɗinta Turkanci zaka koya, ko da kwas ɗinka da Turanci za'a koyar, kuma yawancin kwasa-kwasan ma da Turkancin ake yinsu. Wasu na ganin asarar shekara ce, ni ban ganta haka ba wlh, don wanda ya zage ya iya yaren shi ke jin daɗin zaman, ya yi ciniki a kasuwa ya fahimci malami a aji har ya samu aikin tafinta wajen 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Istanbul, amma wanda ya tafi da niyyar lallaɓawa da Turanci zai sha wuya sosai don mutanen can basu damu da Turanci ba.

Alawus ɗin shine raunin abin, don da lira, kuɗin Turkiyya, ake biyansa. A farkon 2021 dala ɗaya bata kai lira 8 ba, zuwa 2024 ta haura 30, tsadar kaya ta kai kashi 85 a Oktoban 2022. Ana ƙara kuɗin lokaci lokaci amma baya kamo kasuwa. Zai riƙe ka ka ci ka hau mota, kar dai ka sa rai zaka dinga turo wa gida, kuma iyaye don Allah ku daina matsa wa yaran nan da bani-bani. Mai iyali shima ya sani hostal ne na haɗaka, ba'a tanadi wajen mata da 'ya'ya ba. Sannan ba kowa ake kaiwa Istanbul ko Ankara ba, ana iya tura ka Konya ko Erzurum inda ƙanƙara ke rufe gari wata da watanni. Ta ɓangaren abinci da sallah kam hankali kwance, masallaci ko'ina.

Abinda yafi ɓata min rai masu karɓar kuɗi ne da sunan zasu samo maka. Cikewar kyauta ce, ko sisi ba'a biya, kuma babu ejan ɗin da ke da hannu a zaɓen. Su cike wa mutum goma da wasiƙa iri ɗaya, in an kira yaro intabiyu a tambaye shi me yasa ya zaɓi kwas ɗin ya kasa amsawa don bai ma san me aka rubuta da sunansa ba. Ka zauna ka rubuta wasiƙarka da kanka, ka tanadi fasfo da sakamakon WAEC ko NECO da takardun shaida tun Disamba, sai ka ba wani malaminka ya duba maka kafin ka tura.