Wasiƙa daga Ingila: iyakar hannun nas a ɗakin masu taɓin hankali

Assalamu alaikum ƙanina. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Ka tambaye ni ko takardarka ta jinyar masu taɓin hankali za ta ci a nan, da kuma yadda aikin yake. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Lasisinka na gida ba zai sa a bar ka ka taɓa majinyaci a nan ba. Sai hukumarsu ta nas da ungozoma, NMC, ta sa sunanka a rajista, bayan ka ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwaji a aikace da ake kira OSCE. Rajistar a buɗe take a intanet, kowa na iya duba sunanka ya ga ko an dakatar da kai. Duk shekara 3 sai ka nuna ka yi aikin awa 450 da karatun ƙarin sani na awa 35, ka rubuta darussa 5 da ka ɗauka daga aikinka, wani nas ya zauna da kai ku tattauna su. Karatunsu ma daban ne. Mu yawanci sai mun gama jinya ta gaba ɗaya sannan mu ƙara wata 18 a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Aro. Su tun ranar shiga jami'a ɗalibi yake zaɓar fannin ƙwaƙwalwa. Sun iya magana da majinyaci ƙwarai, amma in sikarin wani ya faɗi ko ciwo ya ruɓe, sai ka ga ana waiwayen 'yan Najeriya.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne riƙe hannunka. Ka san yadda dare yake a gida: likita ɗaya ga asibiti duka, waya ba ta shiga, dangi sun kawo mutum a ɗaure. Sai ka zuƙi alluran kwantar da mutum, Largactil da diazepam, ka yi masa, da safe likita ya sa hannu. Ba don son ranmu muke yi ba, rashin likita ne yake faɗaɗa aikin. A nan ko farasitamol ba ka bayarwa sai yana rubuce a katin maganin mutumin, ko a cikin 'yan magungunan da asibiti ya yarje wa nas a rubuce. In ka yi gaban kanka, ko da majinyacin ya samu sauƙi, lasisinka ne a bakin wuta. Akwai nas masu rubuta magani da kansu, tun 2006 aka buɗe musu ƙofar sosai, amma sai sun yi wani kwas na musamman an rubuta shi kusa da sunansu a rajista.

Sai dai inda suka ɗaure ka, sun kuma ba ka iko da ba mu saba gani a rubuce ba. Dokarsu ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, sashe na 5(4), ta ce in majinyacin da ya kwanta da yardarsa ya ce zai fita, kai kuma ka ga zai cutar da kansa ko wani, kuma babu likita a kusa, kana iya tsare shi har awa 6. Nas na ƙwaƙwalwa ko na masu naƙasar koyo kaɗai ke da wannan iko. Na ɗakin tiyata ba shi da shi. Ka cike takarda, ka rubuta lokaci har da minti, daga nan agogo ya fara tafiya. Likita in ya zo yana iya mayar da shi awa 72. Tsarewar kwana 28 ko ta wata 6 kuwa sai likita biyu da wani jami'i na daban sun amince, kuma aikinmu ne mu zauna da majinyacin mu karanta masa haƙƙinsa, har da yadda zai ɗaukaka ƙara. Mutum yana zaginka, kai kuma kana koya masa hanyar da zai ƙalubalanci tsarewar. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, yanzu kuwa ina ganin nan ne suka fi mu nesa.

Danne majinyaci ma da ƙa'ida. Wani saurayi, Olaseni Lewis, ya rasu a 2010 bayan 'yan sanda sun danne shi a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Landan. Saboda shi aka yi doka a 2018 da ta wajabta rubuta duk wani amfani da ƙarfi. Mu sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958.

Kayan aiki kam ba a magana. Sandar labule da maganaɗisu aka maƙala ta, in an rataya nauyi sai ta faɗo, don kada wani ya rataye kansa. Cokula ana ƙirga su bayan an ci abinci. Wanda ke kwance ba ya biyan ko sisi, ba a miƙa wa dangi takarda a ce su je kemis. Allurar Modecate da muke yi wa mutane duk wata a gida an daina kawo ta nan tun 2018, sababbin allurai ake yi. Mai shan maganin ƙwaƙwalwa na clozapine kuwa sai an ɗebi jininsa duk mako har mako 18, in sakamako bai fito ba ba za a saki ƙwaya ɗaya ba.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Gado ba ya isa, ana iya kai mutum wani gari mai nisa don babu wuri. Rubutu yana cin rabin yini, wani lokaci ka fi kallon kwamfuta a kan fuskar majinyaci. Kuma akwai wanda zai yi wata guda ba wanda ya leƙo shi. Na kan tuna matan da ke shimfiɗa tabarma a barandar asibiti da kwanon tuwo, waɗanda muke yi wa faɗa don sun cika wuri. A nan da za a same su da an sallami wasu tun tuni.

In ka ƙudura zuwa, fara da Turancin, shi ya fi kayar da mutanenmu, musamman ɓangaren rubutu. Kuma kada ka ba wani dillali kuɗi don ya samo maka aiki. Asibitocin gwamnati da kansu suke tallar guraben, kai ma da kanka za ka nema. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya.