Kujerar yaro ta mota, bayan wata bakwai ina amfani da ita

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na yara a Katsina, ita ta tasa ni gaba sai da na saya. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yaran da ake kawowa da rotsen kai, an rungumo su a gidan gaba. Kan jariri babba ne, wuyansa bai yi ƙwari ba, kuma in mota ta tsaya cak babu hannun uwar da zai iya riƙe shi.

Na ɗauki mai ɗaukar yaro daga haihuwa har kilo 18, da tambarin ECE R44/04 a jikinta, wato shaidar ta ci gwajin inganci. Sabuwa na saya duk da tsada, don ta gwanjo ba ka san ko ta taɓa shan hatsari ba. Motar maigidan tsohuwa ce, ba ta da ƙugiyar ISOFIX da ake maƙala irin wannan kujera, da bel muke ɗaure ta. Ranar farko sai da muka haɗa gumi kafin ta daina girgiɗi. A baya take zama, yaron yana kallon baya, domin jakar iskar gidan gaba tana iya hallaka jariri.

Surukata na gani ta ce, "Yanzu ke jikan nawa za ki ɗaure kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwar Mai'aduwa?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

Wata ranar Asabar mun taso daga Daura, dab da Mashi shanu suka faɗo titi, maigidan ya taka burki da ƙarfi. Kular abincin da ke gefena ta yi tsalle ta daki gaban mota, miya ko'ina. Yaron kuwa farkawa kawai ya yi ya tsanyara kuka, yana nan daram inda na ɗaure shi.

Amma kujerar tana da nata matsalolin. Da bazara ƙarfen maɗaurin zafi yake kamar a gasa gurasa, sai na riƙa rufe ta da farin zane in mun ajiye mota. Soson yana sa gumi, har ƙurajen zafi suka feso masa a baya. Ga cin wuri: kujerar da muke cusuwa mu huɗu yanzu biyu take ɗauka, 'yan rakiyar biki sun fara ƙorafi.

Rigarta kuma ba ta fita sai an kwance igiyoyin kaf. Kunun da ya zubar tun azumi har yau tabonsa na nan.