Wasiƙa daga Sheffield: farashin kaya, da abin da coci ke yi a nan

Yaya, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Baba da ƙafar tasa, yaya yara da makaranta? Ki gaishe mini da Mama Fasto da dukan matan zumunta. Kin ce suna ta damunki da tambaya, wai da gaske ne Turawa sun bar zuwa coci, kuma wai kaya a nan arha ne. Amsoshin a haɗe suke, shi ya sa na zauna na rubuta da tsawo, ki karanta musu.

Bari in fara da kasuwa. Madara, burodi, taliya, dankalin Turawa da kaza ba su da tsada in aka auna da abin da ake biyan mutum. Kuɗin aikin awa ɗaya a gidan kula da tsofaffi inda nake zai sayi kaza guda da burodi da madara, har a dawo da canji. Amma ranar da kwaɗayin doya ya kama ni, sai shagon 'yan Afirka, inda ake auna ta a sikeli, yawanci daga Ghana ta zo, kuma babba guda ɗaya takan fi kaza tsada. Acca kuwa sai an yi sa'a. Wuta ba a ɗaukewa, ruwan famfo ana sha kai tsaye, sai dai kuɗin haya da na ɗumama ɗaki su ne suke cinye albashi tun kafin ya kwana a asusu. Asibiti ba a biya, haka tsarin yake tun 1948, amma samun ganin likita sai haƙuri da yawan buga waya. Tufafi masu kyau ina sayensu a shagunan sadaka, wasu na ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army ne, kuma abin da bai sayu ba akan ɗaure shi dila-dila a fitar waje. Wataƙila wata rigar gwanjo da kika saya a kasuwar Taminus ta Jos daga irin wannan shago ta taso.

Zancen asibitin nan shi ya kawo ni kan coci. A wajenmu bishara ta shigo riƙe da magani a hannu ɗaya, allo a ɗayan. Asibitin Vom, makarantun Gindiri, duk aikin 'yan mishan ne, kuma har yau in gwamnati ta gaza, wurin ikkilisiya ake komawa. A nan gwamnati ta daɗe da ɗaukar wannan kaya. Angilikan suna da makarantu sama da 4,600, amma gwamnati ce ke biyan malamai, kuma ɗan Musulmi da ɗan wanda ba ya addini duk suna zama aji ɗaya kyauta. Ba wanda zai zo coci don neman allura ko karatu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a wannan gari na Sheffield ne ɗan mishan Karl Kumm da abokansa suka fara shirin mishan ɗin Sudan a 1902, wanda ya zama SUM (Sudan United Mission) a 1904, shekarar da suka isa Wase. Daga nan ikkilisiyarmu ta COCIN ta samo tushe. To yau a ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59.3 ne. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2. Kuma cewa "ni Kirista ne" a takarda daban, zuwa sujada daban. Za ki shiga majami'ar dutse mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, ki tarar da tsofaffi ashirin ko talatin a gaba-gaba, sanye da rigunan sanyi, ba ganga, ba kaɗe-kaɗe, cikin awa ɗaya an tashi. An rufe majami'u da dama, wasu sun zama gidajen haya, wasu wurin cin abinci, wasu masallatai. Ranar Lahadi manyan kantuna suna buɗewa na awa 6, dokar 1994 ta ba su dama, kuma nan ne cunkoso yake.

Da farko mutum zai ce ikkilisiyar nan ta mutu. Ni ban yarda ba, saboda na ga abin da ake yi a ranakun mako.

Yunwa tana nan, Yaya, kada kowa ya ruɗe ki. Akwai ƙungiyar Trussell, wadda Kiristoci suka kafa, ta buɗe rumbun abinci na farko a Salisbury a 2000. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024 rumbunanta sun raba ƙunshin abincin gaggawa sama da miliyan 3, fiye da miliyan ɗaya na yara ne. Da yawansu a zauren coci suke. Ba haka kawai ake shiga a ɗiba ba: likita, ko makarantar yaro, ko ofishin ba da shawara ne ke ba mutum takarda, ya kawo, a haɗa masa abincin kwana 3, gwangwanayen wake da kifi, shinkafa, madara, ganyen shayi, wani lokaci har sabulu da ƙunzugun jarirai. Abincin kuma jama'a ne ke sayowa su jefa a kwando a bakin kanti. Ko ranar godiyar kaka, maimakon damin dawa da buhun masara da akuya da muke kaiwa gaban bagade a yi gwanjonsu, su gwangwanaye suke tarawa, a kwashe duka zuwa rumbu. Ina taimakawa a wani irin wannan in ba ni da aiki, kuma na ga 'yan ƙasarmu a layi, musamman waɗanda suka zo da bizar aikin kula da tsofaffi aka hana su awoyin da aka yi musu alkawari. Bizarmu ba ta yarda mu karɓi tallafin gwamnati ba, amma rumbun coci ba ya cikin wannan hani.

Babbar majami'ar garin nan tana da wurin da marasa gida ke karya kumallo, su yi wanka, su wanke kaya. Akwai ƙungiyar Christians Against Poverty, da aka fara a Bradford a 1996, masu zama da wanda bashi ya shaƙe su tsara masa biya, su yi magana da masu binsa, ba ko kwabo. Akwai kuma fastocin titi, aikin da Les Isaac ya fara a Brixton ta Landan a 2003: daren Juma'a da Asabar suna yawo kusa da gidajen giya, suna ba 'yan matan da suka cire takalma silifa, suna ba da ruwa, suna tsayawa da wanda ya bugu har ya samu mota. Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a sanyin 2022, coci-coci suka buɗe ɗakuna masu ɗumi, tsoho ya zo ya sha shayi ya wuni. Rabin abin da ke kawo su kaɗaici ne. Ƙasar da har sai da ta naɗa minista kan kaɗaici a 2018.

A duk waɗannan wurare ba a buɗe wa mutum Littafi Mai Tsarki sai ya tambaya. An ja mana kunne tun ranar farko: kada a sa wa abinci sharaɗi. A wurin aiki ma haka, ma'aikaciyar da ta matsa wa majiyyaci da wa'azi tana iya rasa aikinta. Abin ya dame ni, don mu mun saba ko a mota a tashi a yi shelar bishara. Har yanzu ina ganin Turawan sun cika kunya, wani zai yi shekaru yana karɓar taimako bai taɓa jin dalilin da ya sa ake yi masa ba. Amma kuma na ga wata mata da ta yi ta zuwa karɓar abinci, wata rana da kanta ta ce a yi wa ɗanta addu'a, yanzu ita ke dafa shayi ranar Lahadi. Da an tare ta da wa'azi a bakin ƙofa, ba na jin za ta sake zuwa.

Namu coci-cocin kuwa cike suke maƙil. Cocin Redeemed tana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, ana hayar zauren makaranta ko tsohon sito, ana rawa, ana sujadar awa uku. Muna cewa Allah ya aiko mu mu mayar wa Turawa bishara. To ina Turawan? In kika duba kujeru, mu ne dai, sai 'yan Ghana da Zimbabuwe. Bature zai leƙo sau ɗaya, ƙarar lasifika da tsawon lokaci da kiran baiko sau biyu su kore shi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan su ma suna zamewa da zarar sun shiga jami'a.

Ki gaya wa ma'ajin zumunta wannan. Baiko a nan da kati ake yi, akwai 'yar na'ura a bakin ƙofa. In mai bayarwa yana biyan haraji ya cika takarda, gwamnati na ƙara wa coci fam 25 a kan kowane fam 100. A madadin haka, cocin da ke da rajista dole ta kai lissafinta ga hukumar kula da ƙungiyoyin sadaka, kuma kowa zai iya buɗe intanet ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Ba a ba mutum ajin makarantar Lahadi sai an binciki tarihinsa a wurin 'yan sanda, ko da matar fasto ce. Ba daga sama wannan tsanani ya faɗo ba, ɓarnar da aka yi wa yara aka rufe ce ta jawo shi, har ta sa Justin Welby ya sanar da sauka daga kujerar Akbishop na Canterbury, wato babban limamin Angilikan, a Nuwamban 2024.

Yanzu haka muhawara muke a zumuntarmu ta masu jin Hausa, ko mu riƙa dafa shinkafa da miya ranar Laraba mu buɗe wa unguwa ƙofa. Wasu dattawa sun ce kuɗin hayar zauren ma da ƙyar muke haɗawa, kuma sai biyu daga cikinmu sun yi kwas ɗin tsabtar abinci kafin a yarda. Ni na ba da sunana. In kin samu mai tahowa kafin Kirsimeti, ki aiko mana da littafin waƙoƙi na Hausa ko guda goma ne, namu sun yayyage, kuma a nan ba a samu ko da kuɗi.