Helldivers 2 a mataki na 9 da na 10: wahalar da ba ta gundure ni ba

Wata biyar ke nan ina buga Helldivers 2 a PS5 tare da ƙanina da abokaina biyu, galibi bayan sallar isha'i idan an samu wuta kuma intanet ya zauna. Kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ne ya yi wasan, ya fito ranar 8 ga Fabrairu, 2024. Mutum huɗu ake sauke ku a wata duniya, a ba ku aiki da minti 40 a yawancin lokaci, ku gama ku kira jirgi ya kwashe ku. Matakan wahala goma ne, na goman a watan Agusta na 2024 aka ƙaro shi. A na tara da na goma muka fi zama, kuma a kansu zan yi magana.

Kafin wannan na yi wani wasan harbi da na ajiye gaba ɗaya. A can, idan ka ɗaga matakin wahala, abokin gaba ɗaya ne da na jiya, sai dai an ƙara masa rai. Ka tsaya kana zuba masa harsashi har babban yatsanka ya yi tsami, ba abin da ka koya, ba shawarar da ka yanke. Wannan ai aikin banza ne. Abin da na tarar a nan daban ne: duk lokacin da na mutu, ina iya faɗar abin da ya kashe ni, da abin da ya kamata in yi daƙiƙa goma kafin nan.

Ɗauki rundunar mutum-mutumi, wato Automaton. Ƙananan sojojinsu ba su da wani ƙarfi, amma idan ɗaya ya gan ka, zai ɗaga hannu ya harba jan haske sama, kafin ka ankara jirage sun sauke tankoki da Hulk, wani ƙaton mutum-mutumi, a kanku. To sai ya zama ƙaramin da ka raina shi ne ya kamata ka fara kayarwa. Shi kansa Hulk ɗin gabansa sulke ne, sai ɗan siririn jan ido, amma bayansa akwai wurin fitar zafi da ke ci da wuta. Ɗaya ya ja hankalinsa, ɗaya ya zagaya. Wasan bai taɓa rubuto mana haka ba, yawan faɗuwa ne ya nuna mana. Kuma ba kowane faɗa ake shiga ba. Sau da yawa muna kwanciya ruf da ciki mu bar 'yan sintiri su wuce, domin lokaci da harsashi sun fi su daraja.

Abin da ya fi ɗaure ni shi ne yadda wasan ya sa ba ka iya wadatuwa da kanka. Harsashin abokinka yana kashe ka kamar na abokin gaba, kuma babu wurin kashe wannan tsarin. Bom ɗin da ake kira daga sama sai ka danna jerin kibiyoyi daidai: sama, dama, ƙasa, ƙasa, ƙasa, shi ne na kilo 500. Cikin natsuwa yaro ma zai yi. Amma a ce Bile Titan, wani ƙaton ƙwaro mai dogayen ƙafafu, na tafe a kanka, hannunka na rawa, kuma ƙaninka yana tsakanin ƙafafunsa? Dole ka yi magana kafin ka jefa. Mu huɗu muna da damar dawowa bayan mutuwa sau 20 ne kacal a tsakaninmu, don haka gangancin mutum ɗaya daga aljihun kowa yake fita.

Akwai daren da ba na mantawa. Mun gama babban aikin, damar dawowa saura biyu, samfuran da muka yi rabin awa muna tsinta, wato kayan da ake tarawa don inganta kayan aiki, duk suna jikin ƙanina. Idan mutum ya mutu samfuransa a ƙasa suke zubewa, in ba a ɗauko ba an yi asararsu. Muka kira jirgi, agogon minti biyu ya fara. Charger, wani ƙaton ƙwaro mai sulke da ke tunkuɗe mutum, ya buge ƙanin nawa can gefen dutse. Sai na ji shi yana cewa, "Yaya, kar ka dawo da ni tukuna, fara ɗauko kayan." Abokina ya tsaya a bakin filin saukar da bindigar kakkaɓo manya, ɗayan ya goya jakar harsashinta yana ɗura masa ba tsayawa, ni kuma na ruga. Na ɗauko, na danna kibiyoyin dawo da shi ina gudu, muka faɗa jirgin mu huɗu. Mun daɗe muna maimaita wannan minti biyun a hira fiye da tsawon aikin kansa.

Ba na so in ce kowa zai ji daɗinsa. Idan ka shiga da baƙi waɗanda ba sa magana, kowa ya kama gabansa, mataki na goma yakan koma gudu da mutuwa kawai, kuma a nan gajiya take shigowa. Haka in intanet ɗinka yana yankewa, domin jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya kai ka ƙasa. Gyaran da aka yi a watan Satumba na 2024, wanda ya ƙara wa makamai da yawa ƙarfi, ya taimaka sosai a ganina: yanzu kowannenmu yana ɗaukar abin da hannunsa ya saba da shi, ba mu huɗu da makami iri ɗaya ba.

Shawarata ga mai son farawa, ya nemi mutum uku da yake jin muryarsu, su zauna a mataki na shida ko na bakwai har su san raunin kowane dodo, sannan su hau. Mu yanzu rundunar baƙin halittu ta Illuminate muka sa a gaba, waɗanda aka ƙaro a Disamba 2024, kuma har yau muna gardamar wa zai riƙa karya garkuwarsu, wa zai biyo baya da babbar bindiga.