Gizo ya ci kuɗin sarakuna huɗu a National Theatre

Idan kuka ji an sake sa wasan kwaikwayon The Marriage of Anansewa a Accra, ku je. Na faɗi haka tun farko don kada ƙorafin da zan yi a ƙasa ya sa wani ya fasa. Ɗiyar yayana ce ta ja ni, ita da suke karanta littafin a sakandare, ni kuwa na bi ta ne don kada ta dawo unguwar Nima ita kaɗai da dare. Wata ƙungiyar 'yan wasa ce ta kama babban zauren National Theatre ta shirya, wancan farin ginin mai kama da jirgin ruwa da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1992. Zauren yana ɗaukar mutum wajen 1,500, kuma daren nan ƙasa ta cika, bene ne kawai da saura.

Ananse dai Gizon tatsuniyarmu ne, sai dai a nan babu Ƙoƙi, 'yarsa Anansewa ce a gefensa. Talauci ya yi masa katutu, har kuɗin makarantar koyon tafireta na yarinyar ya gagara. Sai ya ɗauki hotonta ya zaga wurin sarakuna huɗu: na Sapaase, na Akate, na garin ma'adinai, da wanda ake wa laƙabi da sarkin da ya amsa sunansa sarki. Kowanne ya nuna masa kamar shi kaɗai aka ajiye wa. Abin takaici, da hannunta ta buga wasiƙun, ba ta san ita ce hajar ba. Kuɗi suka fara zuwa ta gidan waya, aka gyara gida, aka canza sutura, Ananse ya shiga coci yana zuba baiko yadda kowa zai gani.

Ƙofar da ya bi ya shige ita ce ta fi ba ni dariya, domin na san ta. A al'adar ƙabilar Akan ta Ghana aure bai ƙullu ba sai an kawo abin shan da ake miƙa wa dangin mace sun karɓa. Duk abin da aka bayar kafin nan kyauta ce, ba mai bin bashinta. Ni ɗinkin kayan amare nake yi, na kuma san irin wannan uba a zango. Zai karɓi kuɗin gaisuwa a hannun wannan, ya ci goron wancan, wanda ya matsa ya ce masa yarinya tana karatu tukuna, alhali kullum malamai suna faɗa mana babu nema cikin nema. Na taɓa yanka leshi na fara haɗawa aka aiko a ce in dakata, wai ango ya canza. Saboda haka da sarakunan nan huɗu suka aiko kusan lokaci guda cewa suna tafe a ɗaura magana, Ananse ya dafe kai ya zauna daɓas, ba ni kaɗai ce na ce "Allah ya ƙara" a layinmu ba.

Efua Sutherland ce ta rubuta wasan, aka buga shi a 1975. 'Yar Cape Coast ce, ta rasu a 1996, kuma filin wasan yara da ke kusa da zauren sunanta yake ɗauke da shi. Har ma a filin da zauren yake ne ɗakin wasanta na Drama Studio yake a da, aka rushe shi aka sake gina irinsa a jami'ar Legon. Abin da ta yi shi ne ɗauko zaman tatsuniya ɗungurungum ta ɗora a dandamali, ƙungiyar nan kuma ta riƙe mata amanar wannan. Ba labule ana ja ana saki. 'Yan wasa duka suna zaune a gefe da gangunansu, wanda lokacinsa ya yi ya tashi ya shiga, ya gama ya koma ya zauna. Akwai mai ba da labari da ke juyowa ya tambaye mu ra'ayinmu, akwai kuma mai miƙa kaya, wanda ba ya cewa uffan: shi zai kawo kujera, ya miƙa wasiƙa, ya ja wani allo mai zanen yanar gizo ya kafa bayan Ananse duk lokacin da ƙarya ta ƙara naɗe shi. Yaron da ya yi wannan aikin ya iya fuska. Kallo ɗaya zai yi wa Ananse ya kalle mu, zaure ya ɗauka. Tsakanin fage da fage sai waƙa ta katse labari, 'yan kallo su amsa, kamar yadda muke amsa "ta zo mu ji ta". Mutum ɗari bakwai ko dubu suna amsa amshi ɗaya, wannan ba ya samuwa a bidiyon barkwancin da muke kallo a waya.

Inda kuɗina ya fita shi ne fagen mutuwar ƙarya. Ananse ya rasa mafita, ya kori mahaifiyarsa Aya da gwaggonsa Ekuwa zuwa ƙauye da ƙaryar an ƙone gonar koko, sannan ya lallaɓa Anansewa ta kwanta a matsayin gawa. Christie, wadda take taya shi da nufin wata rana ta zama matar gidan, ita ke shigo da masu ta'aziyya. Muna layi na kusa, ina ganin babban yatsan ƙafar gawar yana motsi duk lokacin da manzon wani sarki ya saki baki. Na farko ya ce da ma don ta riƙe wa sarki 'ya'ya ake son ta. Na biyu, don a ƙunsa wa matar da ke gidan baƙin ciki. Na uku, don ta kula masa da harkar kasuwanci. Kowanne ya ajiye ɗan abin da ya kawo ya zare jiki, tunda ba a ɗaura ba. Christie tana rusa kuka tana leƙa abin da aka ajiye ta ƙasan gyale. Sai manzon na huɗu ya shigo, ya ce maigidansa ya ɗauke ta matarsa ko da al'ada ba ta ɗora masa ba, ga zobe, ga akwatin gawa, jana'iza duka a wuyansa. Zauren da ke ta ihu ya yi tsit, shi kansa Ananse bakinsa ya mutu.

"Goggo, hawaye ne wannan?" in ji ɗiyata.

"Ke dai kalli gabanki."

To, ga ƙorafi. Ƙungiyar ta makara sosai kafin ta fara, ba wanda ya fito ya ba da haƙuri. Na'urar maganar da suka maƙala wa mai fitowa a Aya tana ɗaukewa tana dawowa, rabin faɗan tsohuwar ya tafi a iska. Babban laifin kuwa na mai fitowa a Ananse ne. Gwani ne, jikinsa duka yana magana, amma ba ya ƙoshi da tafi. Ya dinga cusa nasa barkwancin na kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, da ɗauke wuta da 'yan siyasa. Na farko ya yi daɗi, na biyar kuwa har mai ba da labari ya tsaya yana jiransa. Lokacin da ya cinye ne ya sa aka gaggauta fagen bikin fitar da Anansewa budurwa, wanda shi ne wurin da mata ke da waƙa da ado. A nan ma ina da magana a matsayina na tela: rigar da suka sa mata ta yi mata yawa a kafaɗa, da fil aka kama, ana gani daga layi na biyar.

Da Turanci ake wasan, waƙoƙi da yawancin ƙarin barkwancin kuma da harsunan Fanti da Tuwi, wanda ba ya ji zai ga ana dariya ba shi. Akwai kuma wurin da Ananse ke zuba abin sha a ƙasa yana kiran kakanni su tashi yarinyar. Al'adarsu ce, amma mai zuwa da yara ya shirya amsa tambaya. Sau biyu suka yi a ranar, na yamma yana cin magariba, shi ya sa muka zaɓi na dare muka yi isha'i a gida. Ku riƙe mayafi mai kauri, ciki da sanyi. Trotro, wato motar haya ta bas, ta yi wuya a wajen bayan an tashi, gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki tasi.

A tasin muka yi ta musu. Ɗiyata tana ganin Ananse uba ne mai dabara, tunda ya tace ya gano wanda ke son 'yarsa da gaske. Ni na ce sa'a ya taka, kuma kuɗin mutum uku yana cikinsa bai mayar ba. A tatsuniyar da kakata ke mana, Gizo ba ya kwana bai sha duka ba. Direban, wani ɗan unguwar Mamobi, ya saurare mu har unguwar Kanda, sannan ya tambaya nawa ne tikiti. Da muka faɗa masa ya ce shi kam sai dai mu ƙarasa ba shi labarin.