Bushnell Tour V6 Shift: abin da na gani bayan kaka guda ina neman gurbi a gasannin golf

Rashin kuɗin ɗaukar kadi ne ya sa na sayi na'urar auna nisa ta Bushnell Tour V6 Shift. Kadi shi ne mai riƙe wa ɗan wasa jakar sanduna, yana faɗa masa nisan rami da inda iska ta nufa, kuma da wannan aikin ni kaina na fara sanin golf a Kaduna tun ina yaro, don haka na san darajar kadi nagari, na kuma san cewa haƙƙinsa ba ƙaramin abu ba ne idan za a biya shi yadda ya dace. Lokacin da na shirya tafiya Afirka ta Kudu domin shiga wasannin share fage, na lissafa kuɗin jirgi da na masauki da na rajista da na abinci, sai na ga abin da ya rage ba zai ɗauki nauyin mutum na biyu ba. Dole na saɓa jakata da kaina, dole kuma na samo abin da zai yi mini rabin aikin da kadi yake yi.

Wanda bai taɓa shiga wasan share fage ba, zai yi mamakin yadda mutum yake damuwa da mita biyu ko uku. A irin wanda ake yi kafin babbar gasa, ramuka 18 ne a yini guda, 'yan wasa da yawa, gurabe kuwa kaɗan, kuma babu gobe da mutum zai gyara kuskuren yau. A Amurka an daɗe ana yin irinsa ranar Litinin domin gurabe huɗu kacal, kuma ta wannan ƙofa Corey Conners ya shiga gasar Valero Texas Open a 2019 har ya cinye ta. A Turai kuwa matakin ƙarshe na neman katin DP World Tour, wato izinin buga manyan gasannin can na shekara guda, zagaye shida ne, ramuka 108, a filin Infinitum da ke yankin Tarragona a Sifaniya, inda 'yan wasa 156 suke farawa, kuma a 2024 ashirin na farko da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne kawai suka samu kati. A wuri irin wannan bugu ɗaya shi ne tsakanin shekarar aiki da komawa gida, kuma bugu ɗayan sau da yawa yana ɓacewa ne tun kafin a ɗaga sanda, lokacin da aka yi kuskuren lissafin nisa.

Na'urar ta fito a 2023 a kan kusan dala 400. Tana cika tafin hannu daidai, ba ta da nauyin da zai dami mai ɗauke da jaka, kuma madubinta yana kusanto da abu ninki shida. Mutum yana saita ta a kan tutar da aka kafa a ramin, ya danna maɓalli, sai hasken leza ya je ya dawo, lamba ta fito a cikin madubin. Kamfanin ya ce kuskurenta ba ya wuce yadi ɗaya, kuma na gwada hakan sau da yawa a kan alamomin nisa da aka dasa a filaye daban-daban, ban same ta da saɓani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take sanar da mutum cewa tuta ta kama, ba bishiyar da ke bayanta ba. Idan ta kama tutar, sai ta ɗan girgiza a hannu, jan zobe kuma ya haska a gefen madubin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ranar gasa, domin sandar tuta siririya ce, bayanta kuma galibi akwai itatuwa ko tudu, hannun mutum ma ba ya tsayawa cik idan zuciya tana bugawa. Dokar wasa ta shawarci ɗan wasa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40 idan layi ya zo kansa, kuma wanda ya kashe rabin wannan lokaci yana kokwanton lambar da ya gani zai tsaya kan ƙwallo da zuciya biyu. Daga mita 180 zuwa ƙasa, nan take nake samun lamba. Idan nisan ya haura mita 220, sai na dafe gwiwar hannuna a ƙirji, na riƙe ta da hannu biyu, domin wannan samfurin ba ya cikin masu daidaita rawar hannu da kansu, kuma wanda ya san hannunsa yana rawa sosai ya kamata ya gwada kafin ya biya.

Sai dai lambar tuta ita kaɗai ba ta isa a zaɓi sanda ba, kuma a nan ne na ga matasa da dama suna cutar kansu da wannan na'ura. Wani dattijon kadi da ya koya mini aiki ya kan ce da ni, "Yarona, ba a kan tuta ƙwallo yake sauka ba, ka fara sanin inda yashi ya ƙare da inda girin ya fara." A lokacin ina amsa masa da "To, Baba" ba tare da na fahimci zurfin maganar ba, saboda a filayen da muka saba da su, musamman masu burawun, wato inda aka kewaye ramin da yashi maimakon girin na lallausar ciyawa, ƙwallo yana tsayawa kusa da inda ya sauka. A girin mai tauri da santsi lamarin ya bambanta. Idan tuta tana mita 152, bakin girin yana 138, ramin yashi kuma yana ƙarewa a 141, to lambar da nake bukata tana iya zama 146, domin ƙwallon ya sauka ya gangara sauran. Na'urar za ta ba ka 152 cikin daƙiƙa guda, za ta kuma ba ka leɓen ramin yashin idan kana ganinsa, amma ba ta ganin bakin girin da tudu ya ɓoye, ba ta kuma auna abin da ke bayan kwana. Leza sai abin da ido ya gani.

Saboda haka babban aikinta a wurina ba ranar gasa ba ne, ranar zagayen gwaji ne. Ina shiga fili da ɗan littafi da fensir, a kowane rami na auna daga wurin bugun farko zuwa bakin ruwa, zuwa farko da ƙarshen kowane ramin yashi, zuwa bishiyar da take tare hanya, sannan na tsaya a tsakiyar girin na auno baya zuwa wata alama da ba za ta gusa ba. Aikin da kadi yake yi da taku, yana kai da komo a rana, ni ina gama shi ina tsaye wuri ɗaya. A wannan rana ce kuma nake kunna lissafin hawa da gangara, wanda shi ne bambancin wannan samfurin da ƙaninsa mai rahusa. Idan girin yana kan tudu, na'urar tana nuna nisa na zahiri, a ƙarƙashinsa kuma nisan da ya kamata a buga. Ramin mita 150 da ya hau tudun mita 10 yana neman bugun kusan mita 160. Ina rubuta wannan bambanci a littafina rami bayan rami, domin doka ta yarda mutum ya duba, yana cikin wasa, abin da ya rubuta tun kafin a fara zagaye, ko da a gasar da aka hana na'urar baki ɗaya.

Wannan lissafin hawa da gangara shi ne kuma wurin da ya fi bukatar taka-tsantsan. Tun daga 2019 doka ta 4.3 ta halatta amfani da na'urar auna nisa a lokacin wasa, amma ta hana auna tudu da gangare, ta kuma bar wa kwamitin kowace gasa ikon hana na'urar gaba ɗaya. Hukuncin karo na farko ƙarin bugu biyu ne, na biyu kuwa kora. A 2025, lokacin da PGA Tour, mai shirya manyan gasannin Amurka, ta gwada halatta waɗannan na'urori a wasu gasanni, Davis Riley ya kai ƙarar kansa a gasar CJ Cup Byron Nelson bayan ya ga na'urarsa ta nuna masa lissafin gangara, aka ƙara masa bugu biyu. A gasar US Open ta mata ta 2023 a Pebble Beach an kori Natthakritta Vongtaveelap ta Tailan saboda kadinta ya yi amfani da na'ura fiye da sau ɗaya a inda aka hana. Idan hakan ya faru da waɗanda suke da mataimaka kewaye da su, mai ɗauke da jakarsa shi kaɗai ya fi su kusa da faɗawa. A V6 Shift makunnin yana gefe, ana zame shi da yatsa, kuma ana gane halin da yake ciki da kallo ɗaya. Duk da haka na ɗora wa kaina ƙa'ida: daren gasa nakan kashe shi na liƙa masa salatif, da safe na karanta takardar dokokin gasar tun daga farko har ƙarshe, sannan a wurin bugun farko na nuna wa abokan zagayena cewa a kashe yake. Babban yayan wannan samfurin, Pro X3, wanda ya fito a kan kusan dala 600, makunninsa yana da makulli, kuma wanda ƙarin dala 200 ba za ta dame shi ba yana da hujjar duba shi.

Kuskure mafi tsada da na yi a kakar nan daga ni ya fito. Na saba da yadi, na bar na'urar a kan yadi, filayen Afirka ta Kudu kuwa da mita suke aiki. A wani fili kusa da Johannesbag, a rami na 14, tudu ya tare mini tuta, sai na koma ga alamar da ke ƙasa, na ga 150, na zaro sandar yadi 150. Mita 150 yadi 164 ne. Ƙwallon ya faɗa yashi, na yi asarar bugu biyu a ramin, kuma da bugu ɗaya na rasa shiga bugun raba gardama a ranar. Na daɗe zaune a wurin ajiye motoci kafin na iya kiran gida. A daren na mayar da na'urar kan mita, wanda ba ya ɗaukar minti guda, na kuma sake rubuta nisan sandunana goma sha huɗu da mita, ban ƙara haɗa ma'auni biyu a kaina ba.

Akwai kuma abin da wannan samfurin ba ya lissafawa, wato tsawon ƙasa daga teku. Johannesbag tana sama da teku da kimanin mita 1,750, iskarta ba ta da kauri, kuma 'yan wasan can suna ƙiyasta cewa ƙwallo yana ƙara tafiya da kusan kashi 10 cikin 100 idan aka kwatanta da bakin teku kamar Durban. Wanda ya taɓa wasa a filin golf na Rayfield a Jos, inda tsawon ya kai kimanin mita 1,200, ya ɗan san wannan. Amfanin na'urar a nan shi ne a filin atisaye: na buga ƙwallo goma da sandar ayan mai lamba bakwai, na auna inda suka sauka, na san nisana na wannan gari da wannan mako, ba wanda na zo da shi daga gida ba.

Ta fuskar juriya ban ga abin ƙorafi ba. Ruwan bazarar can yana saukowa ne da rana tsaka babu sallama, ya jiƙa ta sau da dama, ta ci gaba da aiki; matakin kariyarta IPX6 ne, wato tana jure feshin ruwa mai ƙarfi amma ba a tsoma ta. Hazo mai kauri yana rage wa kowace leza ƙarfi, don haka da sassafe a bakin teku, ko a tsakiyar hunturu a gida idan ƙura ta rufe gari, littafin nan shi ne madogara. Tana da maganaɗisu mai ƙarfi a gefe domin a manna ta a jikin motar fili, abin da ni mai tafiya a ƙafa ban cika bukata ba. Batirinta CR2 ne, yana daɗewa sosai, amma ba irin wanda ake samu a kowane shago ba ne, kuma na sha yawo a kasuwa kafin na same shi, shi ya sa nake ajiye biyu a aljihun jaka.

Dala 400 kuɗi ne mai nauyi ga wanda yake tara su da naira, kuma ba zan ce wa mai wasan ƙarshen mako a filin da ya sani kamar tafin hannunsa ya kashe su ba. Amma wanda yake yawo daga filin da bai sani ba zuwa wani da bai sani ba, yana da zagayen gwaji ɗaya tak kafin a fara ƙirga masa bugu, ba shi kuma da kadi, a ganina wannan na'ura tana gaba da sabuwar sanda a jerin abin da zai saya. Idan kuɗin bai kai ba, na hannu ma yana yi, da sharaɗin a gwada shi a kan nisan da aka riga aka sani, a kuma tabbatar makunnin gangaran yana kashewa sarai. Ƙanena da yake bin sawuna a wannan hanya ya riga ya fara aron tawa ranakun da ba na fita, kuma abin da na fara sa shi yi shi ne ya auna mini ramuka tara na farko na filinmu ya kawo a rubuce, kafin na bar shi ya saita ta a kan tuta ko sau ɗaya.